'Ya'yan Tsamiya a Aljihun Bello

Ranar sunan 'yar ɗan'uwanku Aminu ina kishingiɗe a ɗaki, ciwon ƙafa ya hana ni fita tsakar gida, ina jin hirarku ta taga. Sai na ji ɗayanku, ba sai na faɗi suna ba, ya san kansa, yana cewa ai Yaya tun yana yaro ya ga boko bai karɓe shi ba ya arce. Kuka kwashe da dariya, shi ma yayan naku ya taya ku, yadda ya saba. Ni ban yi dariya ba, ban kuma ce uffan ba, don bakina bai taɓa iya ɗaukar wannan magana ba. Shi ya sa na aika aka sayo mini wannan littafin rubutu. Yayanku bai gudu daga makaranta ba. Ni na cire shi, da jan birona, ina cikin hankalina, kuma ina so ku ji yadda aka yi tun ina da sauran numfashin faɗa.

Sunansa Bello. Na rubuta, tunda takarda ba ta san kunya ba, amma kun sani ba ku taɓa jin sunan nan a bakina ba. Ku 'yan yanzu da kuke rungume ɗan fari a gaban surukai kuna kiran sunansa da ƙarfi, da wuya ku gane. A gidanmu na Tudun Kaya, inda ake Fillanci a tsakar gida a yi Hausa a ƙofar gida, mace ba ta kallon ɗanta na fari ido cikin ido, ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa, ko kuka yake yi sai ta jira wata ta ɗauko ta miƙo mata. Ba ƙiyayya ba ce, tarbiyya ce, da ita ake gane 'yar mutunci. Ni kuwa halina kun san shi, in na ɗauki abu sai na wuce kowa, don haka har misali ake bayarwa da ni a dangi. Ana yaye shi Inna, mahaifiyata, ta ɗauke shi, ya tashi a hannunta tsakanin shanu da gonar gero. Ni kuma a shekarun da aka buɗe makarantu a kowane ƙauye ana neman malamai ido rufe, mahaifinku ya bar ni na shiga horon malanta, na fito aka tura ni Rogo, inda shi ma yake aikin malamin gona. In na je gida da sallah nakan hango yaro ya wuce da sanda a kafaɗa, in tambayi Inna ko "wancan" yana lafiya, ta ce lafiya lau, shi ke nan an gama gaisuwa.

Yana da shekara goma sha uku mahaifinku ya ce a dawo da shi ya yi aji shida a Rogo, saboda makarantarsu ta ƙauye malami ɗaya ne, shi ma in ranar kasuwa ta zo ba a ganinsa. Aji shida kuwa a makarantarmu guda ɗaya ne, kuma ni ce a cikinsa. Na je na sami hedimasta, Malam Isiyaku, wani dattijo mai sanyin magana, na roƙe shi ya canja mini aji.

"Malama Hajara, in na cire ki daga aji shida, wa zan sa?" ya ce. "Ki ɗauke shi kamar kowane yaro."

Da na ɗauke shi kamar kowane yaro, da ya tsira. Kowane yaro ina kiran sunansa, ina tsayawa a kansa in duba littafinsa, in ja kunnensa in tambaye shi inda ya ɓata. Shi kaɗai ne ba na iya yi wa ko ɗaya daga cikin waɗannan.

Bari in faɗa muku irin malamar da nake a lokacin, don ku kun san ni ne bayan na yi laushi. Yara hamsin da 'yan kai ne a ajin, kuma hanya ɗaya na sani ta koyarwa, wadda aka koyar da ni da ita: in rubuta a allo, in karanta da ƙarfi, su amsa da ƙarfi, su kwafa, gobe su kawo da ka. Wanda ya haddace mai ƙwaƙwalwa ne, wanda ya kasa daƙiƙi ne, ban san da na uku ba. Duk ƙarshen wata nakan sake musu wurin zama bisa sakamako, na ɗaya a bencin gaba kusa da teburina, na ƙarshe can jikin bango inda jemagu ke zubo kashi daga silin. Na hana ƙirga da yatsu, na ce wannan aikin 'yan aji ɗaya ne, lissafi da ka ake yi. Na kuma kafa doka cewa duk amsar da ba a nuna aikinta layi bayan layi ba, ko da daidai ce, ba ta da maki. In ina koyarwa har bakin titi ake jin muryata, ina kuma ji da kaina a kan haka. Akwai wani Malam Sule mai aji uku, shi ajinsa kullum kamar gidan biki, yau an shigo da kara, gobe yumɓu, jibi an fita gindin darbejiya ana waƙa da tafi. Nakan tsokane shi in ce in ya gama renon ya turo mini su in koya musu karatu. Ba ya fushi, sai ya yi murmushi ya ce yaran ba iri ɗaya ba ne, Malama, wani da ji yake ɗauka, wani sai ya gani, wani kuma sai ya taɓa. Ni ina ɗaukar wannan zancen ragon malami ne.

Wata na farko Bello ya sauka a bencin bango, bai kuma tashi daga can ba. Karatu yana yinsa kamar mai tafiya cikin taɓo, harafi bayan harafi, kafin ya kai ƙarshen layi ya manta farkonsa. Rubutunsa kuwa sai ka rantse kaza ce ta bi ta kan takardar. In aka zo amshi, leɓensa kawai ke motsi. In dole ta sa zan tashe shi, sai in nuna da bulala in ce "kai na bango," ya miƙe kansa a ƙasa, yana jin kunyata ina jin tasa, in gaji in ce zauna. A gida ma haka ne. A zaure yake cin abinci, da safe ya durƙusa a bayan labule ya ce, "Malama, ina kwana," in amsa ina kallon bango. Gida ɗaya, aji ɗaya, kusan shekara guda, ban taɓa zaunar da shi na tambaye shi me ya gane me ya shige masa duhu ba. Kuma kada ku ɗauka ba ya damuna. In na ga sunansa a ƙarshen takardar sakamako har cikina nake jin zafin, amma zafin ba ya fitowa sai a matsayin fushi.

Abu ɗaya na lura da shi, duk sa'ar lissafi hannayensa suna ƙarƙashin benci. Wata rana na lallaɓa ta baya na tsaya a kansa, na ce ya juye aljihunsa a kan tebur. Ya juye. 'Ya'yan tsamiya ne cike da tafin hannu, da ƙwallayen dabino, da 'yan fararen tsakuwoyi.

"Nan aji ne ko dandali?" na ce. "Ƙato da kai, carafke kake yi kamar 'yan mata?"

Aji ya fashe da dariya. Wata yarinya Lami, ita ma 'yar bencin bango ce, ta ɗaga hannu a tsorace.

"Malama, ai da su yake..."

"Rufe mini baki! Wa ya sako da ke?"

Na sa shi ya kwashe su da hannunsa ya watsar ta taga. Ya watsar, ya dawo ya zauna, bai ɗago ba har aka tashi.

Da zango na biyu ya zo ƙarewa, takarda ta zo daga ofishin ilimi na Karaye cewa makarantarmu yara goma sha biyu za ta tura jarrabawar shiga sakandare. A lokacin wanda bai shiga wannan jerin ba, karatunsa ya ƙare ke nan, sai gona ko kasuwa. Malam Isiyaku ya shirya jarrabawar gwaji don a tace, ya kuma gauraya wuraren zama, sai Bello ya faɗo a bayan wani Nasiru, ɗan mai shago, wanda bai taɓa sauka daga na ɗaya ba. Ni na tsare ajin. Ina kallon Bello ta gefen ido, kansa a sunkuye, hannayensa a kan cinya, yatsunsa suna ta motsi. Na tura monita ya laluba aljihunsa ko takarda ya ɓoye, ba a sami komai ba, ko ƙwayar tsamiya ɗaya. Bayan azahar na zauna a ofis ina duba takardun lissafi. Tambaya ashirin ce. Nasiru ya ci goma sha takwas, ya jera aikinsa tsaf, layi bayan layi, yadda na koya. Na ɗauko ta Bello, amsoshi ashirin tsirara, babu aiki ko layi ɗaya, kuma goma sha tara daidai ne.

Ga abin da ban taɓa gaya wa kowa ba, har mahaifinku ya rasu bai ji shi daga bakina ba. Tambayoyi biyun da Nasiru ya faɗi, Bello ya ci su. Na gani. Na ajiye takardun biyu kusa da juna na bi su da yatsa sau biyu, na kuma san cewa yaro ba zai kwafo amsa daidai daga takardar da ba ta da ita ba. Amma sai na hango matan Rogo a gidan suna, suna cewa Malama ta ɗauko ɗanta daga jikin bango ta cusa a cikin goma sha biyu, ta bar na wasu. Na hango danginmu na Tudun Kaya suna cewa ashe kunyar ta ido ce, ga ta tana tallan ɗan fari. Akwai kuma na ƙarƙashi, wanda ya fi su muni: in har yaron nan ya iya lissafi haka ba tare da allona da muryata ba, to shekara nawa na yi ina jera 'ya'yan mutane a jikin bango ina kiran su daƙiƙai? Wannan tambayar ce na kasa zama da ita. Na ɗauki jan biro na ja layi daga wannan kusurwa zuwa waccan, na rubuta "satar amsa" a sama.

Malam Isiyaku ya daɗe yana kallon takardar ta saman tabarau.

"Malama, in aka ba shi makin nan shi ne na goma sha ɗaya. Turancinsa da rauni, amma lissafin ya ɗaga shi. Ki kira shi nan ofis, ki ba shi wasu tambayoyin a gabana, mu gani da idonmu."

"Ranka ya daɗe, ba sai an kira shi ba. Na san abin da ke ajina."

"Ɗanki ne fa."

"Shi ya sa."

Ya tura takardar gefe. Na fita daga ofishin nan ina jin kaina wata mai gaskiya, wadda ko ɗanta ba ta ragawa. Dokar makaranta ita ce wanda aka kama da satar amsa bulala shida ce a taron safe. Malam Isiyaku ya so a bar wannan, na ce in aka bari saboda ɗana ne to gobe da wane baki za a daki na wani. Ranar Litinin aka karanta sunaye goma sha biyu, aka tafa musu, sannan aka kira Bello gaba. Aka miƙa wa Malam Sule bulala ya ce hannunsa na ciwo, wani malamin ya karɓa. Ni ina tsaye ina kallon tuta, ina ƙirgawa a zuci. Bai yi kuka ba, ko motsi bai yi ba.

Da yamma mahaifinku ya shigo ya zauna a bakin gado. Kun san shi, ba mai yawan magana ba ne.

"Kin tambaye shi?"

"Ai ka san ba na zama da shi."

"To ni na tambaye shi. Ya ce bai kwafa ba."

"Da me kake so ya ce?"

Ya dube ni kamar zai ƙara wani abu, sai ya tashi ya ɗauki buta. Bayan kwana uku Bello ya nemi izininsa zai je ya gaida Inna, ya hau motar da ke bi ta Karaye da 'yar jakarsa ta leda. Littattafansa ya bar su a zaure, a jere a kan taga.

An yi ruwan shuka da kamar mako biyu, ina wucewa ta bayan azuzuwa lokacin tara, na ga Lami da wasu 'yan bencin bango su huɗu a tsugune sun yi da'ira. Malam Sule yana tsaye a kansu, hannu a baya. Yana ganina ya yafito ni. Yaran suka zabura za su gudu, ya ce su zauna.

"Lami, yi wa Malama wanda kika yi mini. Ɗari huɗu da talatin da biyu, a raba gida uku."

Yarinyar nan da ba ta taɓa cin rabawa ko ɗaya a ajina ba, ta ajiye fararen tsakuwoyi huɗu, ƙwallayen dabino uku, 'ya'yan tsamiya biyu. Ta zana gida uku a ƙasa da tsinke. Ta sa tsakuwa ɗaya a kowane gida, ɗaya ta rage. Ta ce, "A fasa ta," ta ɗauke ta, ta zubo ƙwallaye goma a madadinta, suka zama goma sha uku. Ta raba hurhuɗu, ɗaya ya rage, ta fasa shi ya zama 'ya'yan tsamiya goma, ta haɗa da biyun, ta raba hurhuɗu. Ta dubi gida ɗaya ta ce ɗari da arba'in da huɗu.

"Wa ya koya miki?" na ce, ko da yake na riga na sani.

"Bello ne, Malama. Ya ce haka Innarsa take ƙirga damin gero in za a fitar da zakka. Da kika sa ya zubar da nasa, ya ce ba komai, ai yana ganinsu ko babu su, yatsunsa kawai yake motsawa."

Ni na tashi ina ganin Inna a bakin rumbu tana jefa ƙwallo ɗaya a ƙwarya duk dami goma, in ƙwallaye suka cika goma ta canja su da farar tsakuwa. Na gani sau ba adadi, ban taɓa kawowa a raina cewa lissafi ne ba, saboda ba da alli ake yinsa ba. Malam Sule ya sallami yaran, ya ce da ni a hankali, ba tare da ko alamar gori ba:

"Abin da kike rubutawa a allo ne, Malama, a ajiye ɗaya a sauko da uku. Shi ne dai. Nasa a hannu yake."

Ranar Asabar na tafi Tudun Kaya. Sunaye sun riga sun tafi Karaye, an ma yi jarrabawar, abin da ya rage kawai shi ne ya maimaita aji shida. Na tarar da Inna a inuwar ɗaki tana kaɗa nono. Na gaishe ta, ta amsa a gajarce, ba ta ko tambaye ni hanya ba. Na fara kame-kame ina ba ta labari, ta ɗaga mini hannu.

"Na ga shatin bulala a bayansa, Hajara, ba sai kin faɗa ba. Kunyar da na koya miki ta baki ce da ta ido, ban ce ki rufe zuciya ba. Ni ma ban taɓa kiran sunan yayarki ba, amma ko tari ta yi a bayan ɗaki na san nata ne. Ke kin yi shekara da yaro a gabanki ba ki san hannunsa ba."

Da la'asar ya dawo daga gona, ƙafafunsa duk taɓo, ya hango ni ya durƙusa daga nesa ya gaishe ni. Kalmomin da ya kamata in faɗa ba su da yawa, kuma tun a mota nake maimaita su: na san ba ka kwafa ba, na zalunce ka, ka yafe mini. Da na buɗe baki sai na ji na juya wajen Inna.

"Inna, ki gaya masa an gano ba shi da laifi. Ya dawo ya maimaita, baɗi a sa sunansa."

An gano. Kamar wasu ne can suka ɓatar da abu, wasu suka tsinto. Yana durƙushe yana jin komai, tsakaninmu bai fi taku biyar ba, amma shi ma Inna ya kalla.

"Inna, ki ce wa Malama na gode. Ajin wa zan maimaita?"

Aji shida kuwa har lokacin nawa ne, duk mun sani. Can ya ce a gaya mini damina ta kankama, kawunsa ba shi da mai taya shi noma, in an yi girbi ya gani. Ya tashi ya shiga ɗaki. An yi girbin, an yi wani, bai dawo ba, mahaifinku kuma ya ce ba zai tilasta masa ba. Hanya ta biyu ita ce a kai shi wata makarantar a wani garin, an kuma yi masa tayin, ya ce ya gode. Ba makarantar Rogo ya bari ba, aji ne gaba ɗaya ya fita daga ransa.

Shekarar da ta biyo na roƙi a mayar da ni ƙananan azuzuwa, wannan karon Malam Isiyaku bai yi musu ba. Na sauke girman kai na riƙa tsayawa a tagar Malam Sule ina kallon yadda yake yi, ni da nake kiran aikinsa reno. Na daina jera yara bisa sakamako. Na ajiye gwangwanin madara cike da 'ya'yan tsamiya a kan teburina, wanda yake so ya ɗiba. Da na rage ƙarfin muryata sai na fara ganin abin da ke gabana tun da can. Akwai yarinyar da in ka faɗa mata abu sau goma ba ya zama, in ka rera shi sau ɗaya ta kama har abada. Akwai yaron da sai ya zana abu yake yarda da shi. Akwai wanda in ka ɗaure shi a benci kansa ya toshe, in ka ce ya auna tsawon aji da taku ya fi kowa. Na taɓa yin wata ɗaliba da karatunta bai taka kara ya karya ba, amma in yara biyu suka yi faɗa ita kaɗai ke iya sasanta su, kuma in ta yi wa 'yar'uwarta bayani sai ta fi ganewa fiye da in ni na yi. Masu haddar ma suna nan, ban kore su ba, tasu ma baiwa ce, sai dai na daina auna kowa da mudunsu. Ba duka na ci nasara a kansu ba, kada in yi muku ƙarya, yara sittin a ɗaki ɗaya ba kowa za ka bi ta hanyarsa ba. Bayan shekaru aka tura mu wani taron bita a Kano, wani matashi mai ƙaramin gemu ya tsaya yana jera mana ire-iren basira da dogayen sunaye na Turanci, yana cewa sabon ilimi ne. Malamai suna ta rubutawa. Ni na zauna a baya na kasa rubuta komai, don na san kuɗin da aka biya kafin in koyi nawa, kuma ba ni na biya ba.

Suna ya fita. Aka riƙa cewa in yaro kansa ya toshe a kai shi ajin Malama Hajara. Da muka dawo Karaye da zama aka ba ni aji ɗaya a wata makaranta kusa da Unguwar Hajji, iyaye har gida suke biyo ni da roƙo. Duk yabon da aka yi mini sai in ji kamar an taɓa mini gyambo. Shi kuwa yayanku ya bi wani magini ya koyi gini, ya zama abin da kuka sani, mutumin da zai zagaya fili sau ɗaya ya faɗi bulo nawa zai ci, a gama ginin ba a rage ba ba a ƙaro ba. Wasiƙa kuwa har yau sai ya ba ɗansa ya karanta masa. Ya yi aure ya zauna a Unguwar Hajji, duk Juma'a ya zo ya durƙusa a ƙofar ɗakina ya gaishe ni, bai taɓa fashi ba. Da aka haifa masa 'ya ta fari ya sa mata sunana, ana kiran ta Ummi. Ranar da aka gaya mini na shiga ɗaki na yi kuka, na ce alhamdu lillahi, abin ya wuce ba tare da an tona shi ba.

Ummi ta isa shiga makaranta ina da saura 'yan shekaru in ajiye aiki. Aji ɗaya kashi biyu ne, nawa da na wata yarinya sabuwar malama da ko wata shida ba ta yi da fara aiki ba. Na ga sunan Ummi a jerin nawa, na yi ta murna a ɓoye, har na zaɓa mata wuri kusa da taga. Jika ba ta da kunya a tsakani, zan kira sunanta, zan riƙe hannunta in ga ta ina take ɗaukar abu. Ranar da aka koma makaranta, tana ma zaune a ajin da sabon allonta, hedimastan wurin, wani matashi da bai fi sa'ar Bello ba, ya aiko a kira ni. Na tarar da shi yana ta juya biro a hannu.

"Hajiya, mahaifin Ummi ya zo jiya har gida. Ya roƙi a mayar da ita ɗaya ajin."

"Ya faɗi dalili?"

"Na ce masa mutane layi suke bi don ajinki. Ya ce ya sani, yana jin ana faɗa, Allah ya ƙara miki lada. Amma dai a mayar da ita." Ya ajiye biron. "In kin ce a'a, zan san abin da zan gaya masa."

"A yi yadda ubanta ya ce."

Na koma aji na ce Ummi ta ɗauko allonta. Na riƙe hannunta muka bi baranda, tana tambayata ko ta yi laifi ne, na ce a'a, can ne wurinta. Na miƙa ta ga sabuwar malamar a bakin ƙofa, na dawo na ci gaba da darasi, yara hamsin suna jirana.

Wasunku da suka ji labarin a lokacin sun ce Yaya bai kyauta ba, har akwai wadda ta so ta je ta same shi na hana ta. Ni ban taɓa cewa bai kyauta ba. Uba ne, ya tsare 'yarsa da abin da ya sani. Duk abin kirkin da ake faɗa a kaina a Karaye, ku ji kuka yi, shi ma ji ya yi. A cikinku ku bakwai, shi kaɗai ne ya taɓa zama a ajina.